Filin Mata: Kun San Alƙalawa?

Ran nan na tambayi wata 'yar makaranta ina ne Alƙalawa, sai ta yi zuru. Alhali kuwa Bagobira ce!

To, ku saurara. Alƙalawa ƙaramin ƙauye ne a ƙasar Sabon Birni, kusa da Gulbin Rima. Mutanen wajen manoma ne, gero a tudu, noman rani a fadama.

Amma da can ita ce babban birnin Gobir. Sarki Babari ya kafa ta, Bawa Jan Gwarzo ya yi mulki a cikinta. A fadar akwai Inna, watau shugabar matan Gobir duka. A shekarar 1808 mayaƙan Shehu suka ci birnin, Sarki Yunfa ya mutu a yaƙin.

Ga inda maganar take. 'Yan bindiga sun watsa ƙauyuka da yawa na Isa da Sabon Birni, har wasu suka ƙetare zuwa Maraɗi. Tsofaffinmu sun tafi da labari a bakinsu. Ke mai karatu, ɗauki alƙalami ki zauna gaban kakarki, ki rubuta abin da ta sani tun tana da rai.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.