Zuwa Ga Ungozomomin Dutsin-Ma da Kurfi: Ba Kowane Ɓari Ba Ne Ɓari

Iyayena,

Idan jini ya tsinke wa mai ƙaramin ciki, ku ake fara aikawa a kira, kuma ku kaɗai ke ganin abin da ya fita kafin a binne. Roƙona shi ne ku riƙa duba shi da kyau.

Akwai wani ciki da likitoci ke kira mola. Tun wajen haɗuwar ƙwai da maniyyi ake samun tangarɗa, sai mabiyiya ta rikiɗe ta zama ƙulle-ƙulle masu ruwa kamar 'ya'yan inabi, galibi babu ɗa a ciki. Ba iska ba ce ta sha shi, ba kuma kwanciya ya yi ba. Ya fi kama 'yan mata masu ƙarancin shekaru da matan da suka haura 40.

Ku lura da mai ciki wata biyu ko uku da ke ɗigar jini baƙi-baƙi, ga aman da ya wuce laulayi, ga ciki ya fi watanninsa girma. Kada a ba ta jiƙo, kada a danna mata mara, domin jinin kan ɓalle farat ɗaya. A kai ta Babban Asibitin Dutsin-Ma ko na Kurfi tun da rana, kun san halin hanyoyinmu da dare. Abin da ya fita, a ƙunshe a leda mai tsabta a tafi da shi. Hoton ciki zai nuna ko mola ne, a yi mata wankin ciki, ko a tura ta Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina.

Wankin ciki ba shi ne ƙarshe ba. A cikin mata goma masu irin wanda babu ɗa ko kaɗan, ɗaya ko biyu ragowarsa kan ci gaba da tsiro, wani ma ya zama ciwon daji ya kai huhu. Tun 1956 aka gano maganin wannan dajin a Amurka, kuma yana warkewa idan an tare shi da wuri. Shi ya sa ake ta awon jini wata da watanni, ake kuma hana ta ɗaukar ciki aƙalla wata shida, har likita ya sallame ta.

Nan ne aikinku ya fi na likita nauyi. Ku zaunar da maigida da uwar miji, ku faɗa musu hutun nan magani ne, kuma mafi yawan matan da suka yi irin wannan cikin sukan haihu lafiya daga baya. Daga bakinku za su yarda.



'Yarku, ma'aikaciyar lafiya