Daga Bakin Zango: Riƙe sirrin cinikinka, amma ka saki labarin hanya

Yau a kan ƙungiyoyinmu nake son mu tattauna. Duk kasuwar da ka shiga, daga Kumasi har Kwatano, za ka tarar 'yan albasa da ƙungiyarsu, 'yan shanu da tasu, 'yan goro da tasu, direbobi ma haka. Ana biyan kuɗin wata, ana zuwa suna da biki da ta'aziyya. Madalla. Amma in 'yan albasa suka ji wani sabon abu a bakin iyaka, kwana nawa ake yi kafin 'yan hatsi su ji? Sau da yawa sai motarsu ta maƙale tukuna.

Kakanninmu ba haka suka yi fatauci ba. Masu zuwa Gwanja sayen goro suna da madugu da ya san hanya, kuma a kowane zango akwai maigida mai saukar da baƙo, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya gaya masa wa ake ba bashi, wa ba a ba. In ayari ya gamu da ayari, labarin hanya ake fara yi: ina ruwa, ina 'yan fashi, ina aka ƙara kuɗin fito. Alhali kasuwa ɗaya suke nema.

Yau 'yan fashin na nan, ga kuma doka da takarda da ke canzawa dare ɗaya. A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, sai Disambar 2020 aka buɗe irin su Seme da Illela da Maigatari. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, gadar da ke tsakanin Malanville da Gaya ta rufe, manyan motoci suka yi jerin gwano, kaya da yawa suka koma bin Lome da Burkina Faso. A Ghana kuwa, dokar zuba jari ta 2013 ta ce baƙon da zai yi saye da sayarwa sai yana da jarin dala miliyan 1, ya kuma ɗauki 'yan ƙasa 20 aiki, kuma a kanta aka kulle shagunan 'yan Najeriya a 2019 da 2020. A duk waɗannan, wanda ya ji da wuri ya gyara lissafinsa. Wanda bai ji ba fa? Mai albasa ko tumatir ya san abin da 'yan kwanaki a rana ke yi wa jari.

Na san abin da wani zai ce: “Malam, in na faɗa masa, ai kasuwata zai ƙwace.” To, a nan sai mu raba abu biyu. Wurin da kake saro kaya, da farashin da aka bar maka, da kwastomominka, wannan sirrinka ne, ba wanda ya ce ka tona. Amma takardar da kwastan suka fara nema, da shingen da aka ƙara a hanya, da kamannin ɗan damfarar da ke yawo da sakon banki na bogi, ɓoye su ba ya ƙara maka ko sisi. Wanda ya cuci mai goro yau, gobe rumfar mai atamfa zai nufa. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa, amma sai ka ji labarin wutar tukuna.

Shawarata uku ce. Na ɗaya, kowace ƙungiya ta ware mutum ɗaya, ko sakatare ko wani matashi mai karatu, aikinsa aika wa takwarorinsa na sauran ƙungiyoyi labari duk mako. Na biyu, kowane labari ya zo da kwanan wata da wuri da wanda ya gani da idonsa. Saƙon murya na WhatsApp mai “an ce, an ce” ya sha tayar da hankalin mutane a kan abin da ya wuce tun bara. Na uku, a sami littafi a rubuta: wace takarda aka nema, nawa aka biya, an ba da rasit ko ba a ba ba. In shugabanni za su kai kuka gaban hukuma, rubutun ƙungiyoyi biyar ya fi bakin mutum ɗaya nauyi.

Iyayen gida, ku ma da ku nake. Ki karɓi lambar sakataren ƙungiyar maigidanki ki ajiye, don ranar da wayarsa ta ƙi shiga a hanya, nan za ki fara tambaya.

Ku kuma shugabanni, wannan ba ya buƙatar ofis ko kuɗi. Bayan sallar Juma'a mai zuwa, shugaban 'yan albasa ya taka zuwa wurin na 'yan hatsi, a sha shayi, a yi musayar lamba. Sai mun haɗu a mako na gaba. Allah Ya ba da kasuwa, Ya kai kowa gida lafiya.