Tallafin Sanya Sola a Gine-ginen Birnin Kebbi da Argungu: Kira ga Mahukunta

 

Ya 'yan'uwa masu karatu, mazaunin Birnin Kebbi ko Argungu ba ya bukatar a ba shi labarin rana. Daga watan Maris zuwa Mayu zafi kan haura maki 40, kwanon rufi ya koma kamar tanda, alhali a ƙarƙashinsa akwai majinyaci da ɗalibi da ɗan kasuwa, kowa yana jiran wutar da ba ta zo ba. Babban layin da ya taso daga madatsar ruwa ta Kainji a Birnin Kebbi yake sauka, amma duk da haka gobarar da ta tashi a tashar rarraba wuta ta garin a watan Satumba na 2023 ta isa ta jefa jiharmu da wasu sassan maƙwabtanta cikin duhu. Janareta kuwa, wanda a da shi ne madogara, ya gagari talaka tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba sai da ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024.

Saboda haka ne mutane suka karkata zuwa ga sola. Manoman shinkafar rani a fadamar Argungu sun fara canza injin ban-ruwa na fetur da na hasken rana, masu hali kuma sun shimfiɗa farantai a kan rufin gidajensu. To, me ya hana sauran jama'a? Kuɗin farko. Janareta kullum yake cin kuɗi kaɗan-kaɗan, ita kuwa sola sau ɗaya take neman kuɗi mai yawa: na farantai, na inbata, da na batura, waɗanda kusan dukkansu daga waje ake shigo da su, ga kuma darajar naira ta faɗi tun 2023. Mai shagon da yake iya sayen lita biyu kowace rana ba zai iya tara kuɗin fetur na shekara biyu ya biya a zama ɗaya ba. Wannan giɓin shi ne aikin tallafi ya cike.

Kuma hanya a buɗe take. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta bai wa jihohi ikon tsara harkar wutarsu, sannan a watan Disamba na shekarar Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don shirin DARES, wanda Hukumar Samar da Wutar Karkara take gudanarwa. Abin da ya rage shi ne yadda za a tsara tallafin, kuma a nan mutanen Kebbi suna da darasin da bai kamata su manta ba. A Birnin Kebbi ne Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a watan Nuwamba na 2015. Shirin ya bunƙasa noman shinkafa, babu musu, amma sanin kowa ne cewa a faɗin ƙasa masu yawa sun ɗauki bashin a matsayin rabonsu na ganima, ba su biya ba, na baya kuma suka rasa. Idan aka bi da tallafin sola ta wannan hanya, to za a ga farantan gwamnati a kasuwa kafin damina ta zagayo. Don haka muke kira da a kiyaye sharuɗɗa huɗu.

Na farko, a fara da gine-ginen da jama'a suka yi tarayya a cikinsu: asibitoci irin su Asibitin Tunawa da Sir Yahaya da Babban Asibitin Argungu, ɗakunan shan magani na unguwanni inda ake ajiye allurar rigakafi, makarantu, famfunan burtsatse, kasuwanni da masallatan Juma'a. Akwai hikima a nan. Baturi yana cikin mafi tsadar kayan kuma shi ne mafi saurin mutuwa, alhali makaranta da ofis da kasuwa da rana suke aiki, lokacin da farantai suke ba da wuta kai tsaye. Naira ɗaya da aka kashe a irin waɗannan wurare ta fi amfanar mutane a kan wadda aka kashe a gidan mutum ɗaya.

Na biyu, ga 'yan kasuwa da magidanta, kada tallafin ya zo da kuɗin ruwa. Musulmi da yawa za su gwammace zama cikin duhu da su ɗauki bashi da ruwa, kuma gaskiyarsu ce. Tun daga 2012 da bankin Jaiz ya fara aiki, ƙasar nan ta san cinikin murabaha, inda banki zai sayi kaya ya sayar wa mutum a kan farashi sananne, ya riƙa biya wata-wata. Gwamnatin jiha tana iya ɗauke wani kaso na farashin, mai shago ya biya saura da abin da a da yake zuba wa janareta. Don manyan gine-gine kuwa akwai sukuk, wanda Jihar Osun ta gina makarantu da shi a 2013, Gwamnatin Tarayya kuma ta fara yin hanyoyi da shi a 2017.

Na uku, kada a saki kuɗi sai an ga aiki. Jamus ta yi dokarta a shekarar 2000, ta lamunce wa mai farantai farashin wutar da ya sayar wa babban layi har shekara 20. Wannan ba zai yi mana ba, domin ba a sayar da wuta a layin da yake ɗaukewa. Tsarin Indiya na 2024 ya fi kusa da halinmu: sai an kafa kayan, an zo an duba, sannan tallafi ya shiga asusun mai gida. Haka ya kamata a yi a nan, kuma a liƙa sunayen waɗanda suka amfana a sakatariyar ƙaramar hukuma, kowa ya gani, ba tare da duban jam'iyya ko sanayya ba.

Na huɗu, a yi tanadin gyara tun ranar farko. Faranti mai kyau yana kai shekara 25, amma baturin gubar dalma a zafinmu 'yan shekaru kaɗan yake yi, ƙurar hunturu kuma tana rage wuta idan ba a goge ba. Fitilun sola na kan titi da suka mutu a garuruwanmu sun ishe mu wa'azi. Kowane gini ya kasance yana da asusun sauya batura da mutum sananne da za a tambaya. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru tana iya horar da matasanmu sanyawa da gyara, don kada a riƙa jiran mai gyara daga nesa.

Daga ƙarshe, ya 'yan'uwa, kuɗin tallafi dukiyar al'umma ce, a cikinta akwai haƙƙin maraya da majinyaci. Wanda ya raba ta da son zuciya, da ɗan kwangilar da ya kawo jabun baturi, da wanda ya karɓa da niyyar ƙin biya, dukkansu sun ci amana, kuma za su amsa tambaya a kanta. Muna kira ga Gwamnatin Jihar Kebbi, da masarautun Gwandu da Argungu, da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da kwamitocin masallatai, su zauna su fitar da tsari rubutacce kafin a fara rabo. Allah Ya yi wa shugabanninmu jagora, Ya ba mu ikon riƙon amana, amin.