Zaman Iyali: Ku Kai Jariri Wurin Kakarsa

A daminar da ta wuce Ubangiji ya ba mu ɗa namiji. A lokacin kuwa surukarmu, mahaifiyar mai jegon, tana kwance a gidanmu da ciwon daji na nono. An makara wajen kai ta asibiti. Likita ya ce ciwon ya riga ya kai ƙashi, sai dai a rage mata zafi da magani.

Ita ce ta yi wa 'yarta wankan jego a haihuwa uku na fari. Wannan karo ko zama sai an tallafe ta. Uwargida tana shayarwa da dare, da rana tana jiyya, ga kuka a ɓoye.

Waɗansu masu zuwa barka suka ce kada mu kai jaririn ɗakin marar lafiya. Muka bi maganarsu har kwana 10, muna nadama har yau. Ciwon daji ba a ɗaukarsa daga wani kamar tarin fuka ko ƙyanda. Ran da muka ɗora mata shi a cinya, ta yi murmushi, ta ce, "Ashe angona ya iso." Bayan mako shida ta rasu.

'Yan'uwa, in haka ta same ku, ku raba aiki. Matan zumunta su karɓi girki da wanki, maza su ɗauki zirga-zirgar asibiti, mai jego ta sami barci. Jaririn kuwa, ku kai shi wurin kakarsa tun yau, kada ku jira sai ta ji sauƙi.