Biskit ba abincin yaro ba ne

Ranar awon yara, ku duba hannun yaran da ke zaune a layi. Da yawa suna riƙe da biskit, ko alawa, ko lemun leda mai launi. Idan muka tambayi uwa me yaron ya ci tun safe, sai ta ce, "Ai ba ya son tuwo, wannan kaɗai yake karɓa."

Ba mu ga laifin uwa ba. Macen da ta tashi da asuba ta yi daka, ta je rijiya, ta kai abinci gona, idan yaro ya dame ta da kuka, dala biyar a wurin mai tebur tana saya mata hutu. Uba kuma ya dawo daga kasuwa, ba ya so ya shigo hannu rabbana. Ƙauna ce ta sa. Amma a ganinmu wannan tsarabar tana cutar da yaro, ko da ba a gani nan take.

Cikin yaro ɗan shekara 1 zuwa 2 ƙarami ne, abin da yake ɗauka a zama ɗaya bai wuce ƙaramin kofi ba. Biskit kuwa fulawa ce da sukari da mai. Yana cika ciki, amma ba ya gina jiki, ba ya ƙara jini. Yaron da ya ci shi da hantsi, in an kawo abincin rana sai ya kau da kai. Bakinsa ya saba da zaƙi, har kunun gero ya daina yi masa daɗi. A hankali nauyinsa ya tsaya, haƙoransa su fara ruɓewa, kuma in zawo ko zazzaɓi ya zo, nan da nan tamowa ta samu hanya.

Wasu za su ce abinci mai kyau sai mai kuɗi. Ba mu yarda ba. Kuɗin biskit na kwana biyu ko uku ya isa a sayi ƙwai, ko ƙosai, ko awara. Maganar da ake yi cewa yaron da ya ci ƙwai zai yi sata, babu gaskiya a cikinta. Ku dafa ku ba shi.

Matsalar lokaci ita ce babba, kuma tana da magani. Ranar da aiki ya yi sauƙi, ki auna gero awo 3, wake ko waken soya awo 1, gyaɗa awo 1. Ki tsince, ki soya kowanne daban, ki haɗa ki kai inji. Ki zuba garin a mazubi mai murfi, a wuri busasshe. Kullum sai ki ɗiba ki dama kunu, ki bar shi ya dahu sosai. Ya yi kauri yadda ba zai zube daga cokali ba, don kunu tsararo ruwa ne kawai. In akwai garin zogale ko na kuka, ki barbaɗa kaɗan. Gyaɗa kuwa kada a ba ƙaramin yaro ita a tsaye, tana iya shaƙe shi.

Yaro mai wannan shekaru yana bukatar abinci sau 3 ko 4 a yini, da ɗan abin taɓawa tsakani, kamar dafaffen dankali, kabewa, gwanda ko mangwaro. A ci gaba da ba shi nono har ya kai shekara 2. A zuba masa nasa a kwanonsa, domin in ya sa hannu da manya, kafin ya kai loma biyu sun share kwano.

In za ki gona, kada ki bar wa yayarsa kuɗi, ki bar mata abincin a rufe. Kaka ma a gaya mata, da ladabi, domin sau da yawa alawar daga bakin zanenta take fitowa. Maigida, ranar kasuwa ka sayo lemun zaƙi ko ayaba a madadin fakiti.

Yaro zai yi rigima kwanakin farko, zai ture cokali. Kada a yi masa ɗure, kada a doke shi. A jira kaɗan a sake gwadawa. In kuwa ya ƙi abinci gaba ɗaya, ko yana ramewa, ko ƙafafunsa sun kumbura, ku kawo shi asibiti a ranar, kada ku jira ranar awo.