Kafin Ka Sayo Mesa, Auna Ɗakinka

Wani sabon yayi ya shigo mana ta waya. Matashi ya rataya mesa a wuya, ya ɗauki bidiyo, ya saka a TikTok, jama'a su yi ta tafi. Daga nan sai ka ji samarinmu na Kabalaye, a nan N'Djamena, suna tambayar juna wane babban maciji ne ya fi sauƙin riƙo, kuma akwati mai girman yaya zai ishe shi. Aikina na rediyo ya koya mini cewa tambaya kan zo da amsarta a ɓoye. Mai wannan tambaya ya riga ya yanke cewa akwai ƙaton maciji mai ladabi da zai zauna a ɗakin haya. Ni kuwa na ce babu shi, kuma ga dalilaina.

Mu fara da awo. Mesar da muke da ita a bakin Kogin Shari da kewayen Tafkin Chadi ita ce maciji mafi girma a Afirka. Tana fitowa daga ƙwai da tsawon kusan rabin mita, abin da yaro zai ɗauka da hannu ɗaya. A wannan lokacin ake sayar da ita, a wannan lokacin kuma mai saye yake ruɗuwa. Idan ta balaga takan kai mita 3 zuwa 4, wasu su haura 5, nauyinta ya wuce kilo 40. Masana kiwon macizai sun ce kada tsawon keji ya gaza tsawon macijin, domin ya iya miƙewa sosai, faɗinsa kuma ya kai kusan rabin haka. To, yi lissafi da kanka. Mesa mai mita 4 na bukatar wuri mita 4 da mita 2. Ɗakin da kake haya, in ka yi sa'a, mita 4 ne da mita 3. Ina za ka ajiye katifa? Ina matarka za ta sa kwanuka?

Sai maganar zafi. Maciji ba ya gumi, jikinsa na bin zafin wurin da yake. Shi ya sa keji na gaskiya ke da ɓangare mai ɗumi, wajen digiri 32, da ɓangare mai sanyi, wajen 26, dabbar ta zaɓi inda take so. A watan Afrilu zafin garin nan na wuce digiri 40 a inuwa, balle a ƙarƙashin rufin kwano da tsakar rana, ga wuta ta ɗauke. A daji mesa za ta shige rami ko ta kwanta cikin ruwa. A akwatinka fa? Dahuwa za ta yi. Lokacin hunturu kuma iska ta bushe, saɓarta ta manne a jiki har ta rufe mata ido. Wanda ke cewa yana ƙaunar dabba ya dubi wannan ya gaya mini ina ƙaunar take.

Na san abin da za a ce: ai mesa ba ta da dafi. Gaskiya ne, ba kububuwa ba ce, ba kasa ba ce, ba gamsheƙa ba ce. Amma wanda kububuwa ta sara yana da begen allurar makari, irin wadda ake yi a asibitin Kaltungo a jihar Gombe. Mesa naɗe mutum take yi ta matse har jini ya daina gudu, kuma babu allurar da ke kwance wannan naɗi. Saboda haka ne masu kiwo a ƙasashen waje ke gargaɗin kada mutum ɗaya ya buɗe kejin macijin da ya wuce mita biyu da rabi ba tare da na biyu a tsaye ba.

Ga abin da ya faru a garin Campbellton na ƙasar Kanada a watan Agusta na 2013. Wani mai shagon dabbobi yana ajiye da mesar Afirka, irin tamu ɗin nan, cikin keji na gilashi da aka gina mata musamman. Da dare ta bi ta bututun iska ta shiga rufi, ta faɗo ɗakin da yara biyu 'yan gida ɗaya ke barci, ɗan shekara 4 da ɗan shekara 6. Da safe gawarsu aka tarar. Mutumin nan sana'arsa ke nan, kejinsa ya fi duk wanda kafinta zai buga maka, amma kafa ɗaya ta isa. Yanzu ka tuna gidajenmu: ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, banɗaki ɗaya, yara kwance a tabarma a waje saboda zafi. Ka tuna ambaliyar 2022 da ta 2024, lokacin da dubban mutane a birnin nan suka bar gidajensu da abin da hannu zai ɗauka. Ranar da ruwa ya zo, wa zai ɗauki akwatin mesa?

Wani zai ce gardawa sun daɗe suna yawo da macizai a kasuwannin ƙasar Hausa. Haka ne, amma gardi gado ya yi, tun yana yaro yake koyo, wasansa kuma a fili yake yi, kowa ya ga dama ya matsa. Duk da haka su ma ana saransu. Kai da ka koya a bidiyon minti ɗaya, maƙwabcinka bai ma san abin da ke bayan bangonsa ba. Wanda ya ɗaure kura, in ji Bahaushe, shi ya san yadda zai kwance ta. Amurkawa da yawa sun ɗaure ba su san kwancewa ba. Mesar ƙasar Bama da aka riƙa shigowa da ita don kiwo, wasu suka tsere, wasu aka sake su da suka yi girma, yau ta cika fadamun Everglades a jihar Florida tana cinye namun dajin wurin. A 2012 gwamnatin Amurka ta haramta shigo da ita, ta haɗa da mesar Afirka.

Idan sha'awar ta gaske ce, akwai hanyar da ta fi kusa da hankali. Akwai ƙaramar mesa ta Afirka ta Yamma, wadda Faransawa ke kira python royal, mai dunƙulewa kamar ƙwallo in ta tsorata. Da wuya ta wuce mita ɗaya da rabi, daga Togo da Benin da Ghana ake fitar da ita zuwa Turai da Amurka. Ko ita tana bukatar keji aƙalla santimita 120 da 60 da 60, da maɓoya biyu, da kwanon ruwa, da murfi mai kwaɗo. Ɓeraye take ci, kuma takan yi shekara 20 zuwa 30 a raye, wato za ta ga auren 'ya'yanka. Kashinta na ɗauke da ƙwayar cutar salmonela, don haka ba a haɗa ta da ƙananan yara. Tsallako da ita iyaka, ko daga Kusseri ne, sai da takarda, domin duk mesa na ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta 1973 kan cinikin namun daji.

Saboda haka ɗan'uwa, kafin ka tambayi kuɗinta, ɗauki tef ka auna ɗakinka da tsawon da za ta kai nan da shekara biyar. Sannan ka je wurin mai gida da matan gidan ka faɗa musu ƙarara abin da kake shirin kawowa. In ka ji nauyin faɗa, ka riga ka san amsar. Masu gidajen haya kuma, ku riƙa tambaya kafin ku miƙa makulli. Allah ya tsare mana yaranmu.