KOWA DA REZARSA

'Yan'uwana ɗalibai, na san wasu za su ga kan wannan magana su yi dariya, su ce duk matsalolin da ke damunmu, na kuɗin makaranta da na wuta da na ruwa, wannan bai ga abin da zai ɓata takardar ƙungiya a kansa ba sai reza. To, ina roƙo a yi mini haƙuri a karanta har ƙarshe, sa'an nan wanda ya ga dama ya yi dariyar.

Mu biyar ne muke zaune a ɗakin haya guda a Samaru. A bakin tagarmu akwai wani kofi, a cikinsa akwai abin askin roba ɗaya tak, irin mai baki uku ɗin nan mai tsada. Mai shi mutum ne mai kyauta, ba ya hana kowa komai nasa. Ranar Juma'a da safe sai a yi layi, wannan ya gyara gashin baki, wancan ya kankare ƙeya, wani ya share wuya, a ɗauraye a mayar cikin kofi. Muna kiran wannan zumunci. Ana nan, sai mahaifiyar wani ɗan ajinmu ta kwanta asibiti ana neman jini, mai abin askin nan ya tafi bayarwa. Da aka gwada jininsa sai aka ce ba za a karɓa ba, yana ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B. Mutum lafiya lau, yana buga ƙwallo kowace yamma, idonsa bai taɓa yin shawara ba. Ban ce wurin aski ya same ta ba, don likita ya ce mai yiwuwa tun yana jariri yake tare da ita. Abin da ya hana mu barci shi ne, mu huɗun nan mun yi shekara biyu muna kankare fatarmu da ƙarfen da yake kankare tasa. Mako guda muka yi muna jiran ƙarfin halin zuwa gwaji, kuma ban taɓa ganin mako mai tsawonsa ba. Hausawa suka ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Dalilin rubutun nan ke nan.

Bari mu fara da abin da yake tabbatacce. Binciken da aka gudanar a ƙasar nan baki ɗaya cikin 2018 ya nuna wajen mutum 8 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da wannan ƙwaya. Watau in ka shiga ajin da ke da ɗalibi ɗari, ka ƙaddara akwai kamar takwas, kuma galibinsu ba su sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 ne ke tare da ita a duniya. Ƙwayar tana bin jini, tana iya yin kwana bakwai a kan ƙarfe ko a busasshen jini ba ta mutu ba, kuma ta fi ƙwayar ƙanjamau saurin kamu ninki hamsin zuwa ɗari. Ba sai ka ga jini yana zuba ba. Duk askin da aka yi da kaifi yana barin 'yan tsage-tsagen da ido ba ya gani, su ne suke yi maka raɗaɗi in an shafa sifirit. Ƙarshenta kuwa, ga wasu daga cikin waɗanda ta zauna musu, hanta ce ke ƙandarewa ko ta yi sankara bayan shekaru, daidai lokacin da mutum ya gama karatu, ya kama aiki, ya tara iyali.

Da mutum iri biyu nake jayayya, kuma duka biyun ina ganinsu kullum tsakanin Samaru da Sabon Gari.

Na farko shi ne ɗan boko mai ƙyamar reza. A wurinsa reza mai baki biyu, wadda ke zuwa a naɗe cikin 'yar takarda, kayan ƙauye ce, ta feƙe fensir ce da yanke farce. Shi sai abin roba mai baki uku ko biyar, wanda ya gani a talla. To, malam, ka san tarihin abin da kake taƙama da shi? Wani Ba'amurke mai suna King Camp Gillette ne ya kafa kamfani a 1901 don ƙera siririyar reza da za a ɗaura a mariƙi, in ta dakushe a jefar. A 1903 mariƙi 51 kacal ya sayar da reza 168. Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya aka raba wa sojojinta miliyoyin rezar nan, suka koma gida da ita, ta bazu duniya. A 1962 kamfanin Wilkinson Sword na Ingila ya fito da wadda ba ta tsatsa. A nan aikin ya kammala, domin reza ta yi kaifi, ta yi ƙarko, ta yi araha, kuma ta kowane kamfani tana shiga mariƙin kowane kamfani. Wannan araha da wannan 'yanci su ne ba su yi wa 'yan kasuwa daɗi ba. Sai ga mai baki biyu a jere cikin roba a 1971, ga na Bic wanda ake jefarwa ɗungurungum a 1975, ga mai baki uku a 1998, ga mai baki biyar a 2006. Kowane sabon kai ba ya shiga sai a mariƙin kamfanin da ya yi shi. Ka sayi mariƙi sau ɗaya, ka zama ɗan haya har abada.

Ga inda tsadar take komawa cuta. Ɗalibin da ya zuba kuɗin abincin kwana biyu a kan abin aski ba zai jefar da shi bayan aski uku ba. Zai riƙe shi wata da watanni, gashi da kumfa da jini suna maƙale a tsakanin bakunan inda ruwa ba ya kaiwa, kuma abokan ɗakinsa da ba su iya sayen irinsa ba za su ara. Tsadar ce ta kai mu ga kofin bakin taga. Har ila yau ba a yi wannan na'ura don gashinmu ba. Dabararta ita ce bakin farko ya ja gashi, na biyu ya yanke shi kafin ya koma, sai tsininsa ya nutse ƙarƙashin fata. Ga mai miƙaƙƙen gashi wannan santsi ne. Gashinmu kuwa murɗaɗɗe ne, yana tsirowa ya lanƙwashe ya soki fata, sai ga ƙuraje a wuya da ƙeya. Duba wuyan ɗan bautar ƙasa ko ƙaramin ma'aikaci a bayan kwalar rigarsa, za ka ga shaida. Kuma kowane ƙurji, in aka sake bi ta kansa da kaifi, ƙofar jini ce a buɗe.

Na biyu shi ne mai cewa mun gada. In ka bi ta Dogarawa da hantsi, ko gefen kasuwar Sabon Gari, za ka tarar da wanzami a inuwa da zabirarsa, direba ya tashi, ɗan dako ya zauna, aska ɗaya, a goga a tafin hannu ko a fata, a ci gaba. Kada a yi mini mummunar fahimta. Ni ban raina wanzanci ba. Sana'a ce mai sarauta, da Sarkin Aska a garuruwanmu, kuma tun kafin a gina asibitin farko a ƙasar Hausa wanzami ne likitan unguwa. Hannunsa ya fi na yawancin masu shagon aski sanin fata. Amma kakanninmu ba su san da wannan ƙwaya ba. A duniya ma sai a 1965 wani likita Ba'amurke, Baruch Blumberg, ya gano alamarta a cikin jini. Wanda bai sani ba yana da uzuri. Mu da muka sani, muke kuma zaune a jami'ar da ke yaye likitoci, mene ne namu uzurin?

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne askin suna. Babban mutum in ya kamu da ƙwayar nan, galibi jikinsa kan kore ta, ƙasa da 5 cikin 100 ne take zauna musu. Jariri kuwa, kusan tara cikin goma na waɗanda suka kamu suna tare da ita har ƙarshen rai. To, jaririn kwana bakwai shi muke miƙa wa askar da ta fito daga kan wani ƙato da safiyar nan, mu kuma muna tsakar gida muna rabon goro. Wai shin mun tsaya mun yi tunani?

Kada mai zuwa shagon zamani ya ce shi ya tsira. Kilifa ma tana yanka, musamman wajen gyaran goshi da ƙeya, kuma 'yar feshin sifirit da ɗan wulgawar wutar da ake yi mata don a kwantar maka da hankali ba abin dogara ba ne. Madubi da fanka da waƙa ba sa kashe ƙwayar cuta.

Mafita tana nan a teburin kowane mai kanti, ita ce rezar nan da aka raina. Ka nemi mariƙi na ƙarfe guda ɗaya, irin wanda iyayenmu ma'aikatan En'e da na jirgin ƙasa suka riƙe, mai murfin da ake kwancewa a ɗaura reza. In ka kula da shi zai kai ka ritaya. Rezar kuwa, saboda araharta, ba ka jin zafin jefar da ita bayan aski uku ko huɗu, kuma ba wanda zai ce maka ba ya iya sayen tasa. Bakinta ɗaya ne ke taɓa fata a lokaci guda, yana yanke gashi daidai saman fata, don haka ƙuraje kan ragu ƙwarai.

Za a ce tana yanka. Gaskiya ne, tana yanka mai gaggawa. Ga yadda ake yi. Ka jiƙa gashin da ruwan ɗumi minti biyu ko uku har ya yi laushi. Ka tayar da kumfa mai kauri da buroshi ko da tafin hannu, sabulun salo ma ya isa. Ka riƙe mariƙin a karkace, kada ka danna, nauyinsa ya wadatar. Ka bi inda gashin ya kwanta, a gajerun ja, kada ka yi masa kishiya. In ka gama ka wanke da ruwan sanyi, ka goga alif, wanda ake tace ruwa da shi, ka shafa ɗan man kaɗanya. Tsohuwar reza kuma a jefa ta cikin gwangwanin madara mai 'yar ƙofa, kada a yar a bola inda yara ke tsince-tsince. Mako biyu ya isa hannu ya saba. Mutumin da ya iya lissafin injiniya ba zai ce wannan ya gagare shi ba.

Za a ce kuma da yawanmu masu gemu ne, wannan magana ba ta shafe su ba. Ni ban zo da zancen aske gemu ko barinsa ba, wannan fagen malamai ne. Amma mai gemu yana aske kai, yana rage gashin baki, yana kai ɗansa askin suna. A Makka ma, inda alhazai ke aski bayan jifa, hukumomin Saudiyya sun wajabta wa masu aski sabuwar reza ga kowane mutum. In an yi haka a can, me zai hana a Dogarawa?

Za a ce ina so in kashe wa wanzamai sana'a. Sam. Akwai aska mai naɗewa wadda ake sa wa rabin reza, a karya reza ɗaya gida biyu tun tana cikin takardarta, kowane kai da rabinsa, kuma wanzamai da yawa sun riga sun koma gare ta. Gwaninta tana hannu, ba ta tafi ko'ina ba. Abin da ya rage shi ne mu masu zuwa mu riƙa tafiya da rezarmu, ko mu ce a ɓare sabuwa a gabanmu, mu ƙara ɗan abin da ya sawwaƙa a kan ladan aski. An ce wanzami ba ya son jarfa. To, shi ma da ke taɓa jinin mutane kullum, wannan kariya ce gare shi da iyalinsa.

Abu ɗaya zan yarda da shi cikin kunya. In ka juya fakitin reza ka karanta, za ka ga Masar ko Indiya ko Sin ko wata ƙasar Turai. Tun 1979 aka ɗaura aikin ƙarfe na Ajakuta, ga shi har mun zo jami'a muna aske kai da ƙarfen wasu. 'Yan'uwanmu masu karatun sarrafa ƙarfe, wannan ƙalubale naku ne.

Saboda haka ina kira ga ƙungiyarmu da abu uku. Ta shirya makon gwajin ciwon hanta da allurar rigakafi, domin sai a 2004 allurar ta shiga jerin rigakafin yara a ƙasar nan, kuma ba kowane ɗanmu ne ya samu ba. Ta zauna da masu shagunan aski da wanzaman da ke kewaye da mu, cikin girmamawa, a yi yarjejeniyar kai ɗaya reza ɗaya. Sa'an nan kowane ɗalibi in ya je hutu ya gaya wa yayyensa da matansu cewa ana yi wa jariri allurar farko cikin awa 24 da haihuwa, kuma ranar suna a sayi sabuwar reza kafin a sayi goro.

Mu huɗun nan Allah ya tsare, gwaji ya nuna ba mu kamu ba, mun kuma yi allura. Abokinmu yana ganin likita, yana nan cikinmu, muna ci a kwano ɗaya kamar da, domin ba a ɗaukar ta a abinci ko musafaha. Kofin bakin taga ne kawai muka fasa. Yanzu kowa da rezarsa, kuma zumuncin bai ragu da komai ba.

Allah ya sa mu gane, ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Wassalam.